Igiyar Da Na Zare

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Abba.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko a mota ka buɗe ta ko sai ka sauka Kalaba. Allah ya tsare hanya, ya raba direbanku da gyangyaɗi da gaggawa, ya sa ka fara bautar ƙasar nan a sa'a. Na cusa takardar ne a aljihun gefen jakarka, ƙarƙashin ƙullin kilishin da Ummanka ta sa maka, don na san can hannunka zai fara zuwa.

Za ka yi mamakin ganin rubutu mai tsawo haka daga mutumin da shekara ashirin da uku bai taɓa jera maka magana biyar ba. To, ka san gidanmu. Kai ne ɗan fari, kuma sunan mahaifina ne da kai. Ko da mun bar shanu mun shigo gari, kunyar nan ba mu baro ta a ruga ba. Ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, ban taɓa yabonka a gaban mutane ba, in za mu yi magana sai dai in dubi bango kai ka dubi ƙasa. Takarda kuwa ba ta da ido, shi ya sa na zaɓe ta.

Ranar Asabar da ta wuce ina shago ina fama da wata tsohuwar talabijin, ku kuma kuna zaure, kai da abokanka Nura da Bulus. Kun kunna sabuwar na'urar gem ɗin nan da ka shekara biyu kana mafarkinta. Tsakanin shagona da zauren bango ɗaya ne, kuma ka san bangon Ƙofar Wambai ba ya riƙe sirri.

Na ji Nura yana cewa, "Wallahi an yaudare mu. Tsohuwar ce aka sake wa riga. Wasannin da muka gama bugawa tun muna sakandare su aka wanke wa fuska aka dawo mana da su."

Bulus ya ce, "Haba Nura, ka ji tsoron Allah. Dubi ciyawar filin nan, ɗai-ɗai kake ganinta. Da fa kafin wasa ya buɗe sai ka je ka sha ruwa ka dawo."

"Yanzu kuma sai ta ce sai ta sha data tukuna," in ji Nura. "Ka zauna kana kallon layi yana rarrafe, yana gab da kaiwa ƙarshe a ɗauke wuta. Wannan shi ne cigaban?"

Suka yi ta yi. Sai da suka gaji suka tambaye ka, sannan ka ce, "Ni komai nata ya yi mini kyau, amma ba na jin komai. Ina bugawa kamar ina cika fom. Ba zan ma tafi da ita ba." Sai ka ƙara da cewa, "Oho, ƙila ni ne ban iya ba."

Ƙarfen dalma mai zafi na hannuna a lokacin, ban san sa'ad da ya taɓa ni ba. Har yanzu tabon ƙunar na nan a ɗan yatsana. Wannan maganar taka ta ƙarshe ita ta sa ni zama in rubuta maka kurakuraina guda uku, kuma na ukun shi ne dalilin takardar. Ka yi haƙuri da tsoho, sai na zaga kafin in iso.

Ina da shekara goma sha biyu na fara ganin gem, a barikin Shadawanka, gidan abokina Ishaya. Babansa soja ne, ya dawo daga aiki wata ƙasa ya kawo musu. Wani ɗan akwati ne mai cin kaset, in ya ƙi kamawa sai ka zare kaset ɗin ka hura masa iska ka mayar, kana addu'a a zuci. Da ya kama, sai ga wani ɗan mutum da aka haɗa da 'yan murabba'ai yana gudu a kan layi kore. Shi ke nan fa abin da ke jikin gilashin. Amma ni, Abba, wallahi Zungur nake gani. Ina ganin filin da nake bin shanun kawuna lokacin hutu, ina jin ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, har duwatsun nan na nesa da suke yin shuɗi da la'asar ina ganinsu. Na'urar ta ba mu kaɗan, mu muka cika sauran da idonmu. Idan na taso daga bariki ina tafiya gida da ƙafa, sai in ji kamar in na yi tsalle zan dira a kan rufin wani.

Daga baya akwatin ya zama nawa, Ishaya ya bar mini. Ban cika shekara da shi ba na ga hoton wata sabuwa mai cin faifai a jikin kwali, sai nawa ya fita daga raina. Ina bugawa, hankalina yana kan wadda ban mallaka ba. Ranar da mai faifan ta shigo hannuna, na ɗauki tsohon akwatin na jefa bayan ɗaki, damina ta bi ta kansa. Ka san abin da ya faru? Wata guda cur ina jin kamar an ba ni duniya, a wata na biyu ta zama kayan ɗaki. Na shiga zaginta, daidai irin zagin da Nura yake yi, kalma bayan kalma. Na ce masu ƙera ta sun yi ha'inci. Ban gane ba cewa ni ina son ta mayar da ni ɗan shekara goma sha biyu ne a ɗakin su Ishaya, ita kuwa ba a ƙera ta don wannan aikin ba. Na je bayan ɗaki neman tsohon, na tarar tsatsa ta gama da shi.

Saboda haka ka kula. Kalaba ma haka za ta yi maka. Satin farko komai zai yi ta ƙyalli, ruwa da itatuwa da kifin da ba ka taɓa gani ba. Daga nan ta zama garin da kake tashi ka nemi abin karyawa kawai. Kada ka ce garin ya yaudare ka a lokacin, kuma kada ka fara leƙen gari na gaba. Ka zauna da shi har ya saba da kai. Haka aiki yake, haka ma mutane.

Kuskure na biyu a gidan gem na yi shi. Kafin in koma gyaran talabijin, shagon nan da ka sani gidan gem ne, benci biyu da talabijin biyu da labule mai kauri. Ƙa'idar kowane gidan gem a lokacin ɗaya ce: ana buga ƙwallo mutum biyu, wanda aka ci ya tashi, mai ci ya zauna. To, ni ba na tashi. Kada ka yi dariya, mahaifin nan naka mai tabarau da furfura, akwai lokacin da daga Ƙofar Wambai har bakin bariki ba wanda ke tayar da shi daga benci. Kaina ya kumbura ƙwarai.

Ishaya yakan taka kekensa tun daga Shadawanka cikin rana, ya bi layi, ya zauna minti biyar in zuba masa huɗu, ya tashi ya koma ƙarshen layi. Ni kuma ina tsokanarsa, ina cewa ɗan soja amma ba tsaron gida. Wata rana da zai tashi ya ce mini, "Sale, ni fa wurinka nake zuwa, ba wurin ƙwallo ba." Na ji shi sarai. Amma abin da na ce shi ne, "Na gaba!"

Da aka yi wa babansa canjin wurin aiki, ya zo yi mini sallama da hantsi. Ya ɗaga labule ya ce, "Sale, fito mana, yau za mu tashi." Ina tsakiyar zagaye na biyu, ɗaya da ɗaya ake. Ban ko waiwaya ba na ce, "Bari a tashi wasan." Na ci wasan. Da na fito, ba Ishaya ba kekensa, sai sawun taya a ƙasa. Lokacin ba wayar hannu, ban kuma tambayi garin da za su ba. Har yau nakan yi mafarkinsa, yana tsaye riƙe da labule, haske na bayansa, ni kuma wuyana ya ƙi juyawa.

Abba, kowane fad, wato abin latse-latsen nan kamar yadda Ummanka ke ce masa, an yi masa maɓallin tsayar da wasa a tsakiya. Wanda ya sa shi a nan yana da hankali. In mutum ya ɗaga maka labule, ka danna shi ka tashi. Ina ganinka da abin ji a kunne kana wasa da mutanen da ba ka taɓa gani ba, wani a Legas wani a wata ƙasa. Ban raina su ba, na ji kana dariya da su, dariyar da ban cika ji a gida ba. Amma ba wanda zai miƙo maka gyaɗa ta cikin gilashi. A can inda za ka, ka samu ko mutum ɗaya da kafaɗarsa za ta riƙa taɓa taka. In kuma ka fi shi iyawa, kada ka mayar da shi ƙarshen layi kullum.

Yanzu na iso inda nake ta kewayewa. Na tashi na sha ruwa sau biyu kafin in fara wannan layin.

Kana jariri na taɓa ɗaukarka a tsakar gida, Inna, kakarka, Allah ya jiƙanta, ta dube ni ta ce, "Kai Sale, ba ka da kunya ne? Ɗan fari ne fa. Ajiye shi." Na ajiye ka, kuma daga ranar ban ƙara ɗaukarka a gaban kowa ba. Ba mugunta ba ce, haka ita ma aka yi mata, haka ta yi wa yayana. Amma ni raina yana wurinka. Da ka kai shekara biyar sai na samo dabara. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da shago ba kowa, in ka leƙo sai in ce, "Zo ka riƙe mini wannan." Ka zauna a benci tsakanin gwiwoyina, ƙeyarka na ƙamshin man da Ummanka ta shafa maka, labule a sake, fanka na juyawa a hankali. Ba wanda zai ce na ɗauki ɗan fari, ai gem muke yi. A duk rayuwata ban san wasu awoyi da suka fi waɗannan daɗi ba.

Sai dai akwai abin da ba ka sani ba lokacin. A gidajen gem, in wani ya zo da ƙaninsa ƙarami yana kuka sai ya buga, akan miƙa masa fad ɗin da ba a jona ba, a tura igiyar ƙarƙashin benci. Yaro ya yi ta dannawa yana murna, manya su yi wasansu. Kowa na yi, ba a ma ɗauke shi laifi ba. Shi na yi maka. Ina da wata gasar kofi da nake bugawa ni kaɗai, tana ajiye a ɗan katin memori, na yi wata da watanni ina tara ta, ba na son ƙananan yatsu su ɓata mini. In na ci ƙwallo sai in ce, "Kai! Abba ya zura!" Ka yi tsalle har kanka ya bugi haɓata. Shekara biyu muna haka.

Ranar da abin ya ƙare ana ruwa ne, irin ruwan watan takwas mai sauka a hankali ya ƙi tsayawa. Na kai wasan ƙarshe na kofin. Kana riƙe da fad ɗinka, sai gyaɗar da ke aljihunka ta zube. Ka ajiye fad ɗin a benci ka sunkuya tsinta. Da ka ɗago, ɗan wasan da kake zaton naka ne yana ta gudu da ƙwallo, ya yanke mutum biyu, hannunka kuwa cike da gyaɗa. Ka dubi gilashi, ka dubi fad ɗin, ka ɗauka ka danna, ka saki, ka sake dannawa.

Ka ce, "Baba, nawa ba ya aiki."

Da na yi dariya na ce ka kama ni, da shi ke nan. Da na sunkuya na jona igiyar, da shi ke nan. Amma kunya ta kama ni, kuma idona na kan kofi. Sai na ce, "Yana aiki mana. Kai ne ba ka iya ba."

Ba ka yi kuka ba, da ma ka yi. Na ga idonka ya bi igiyar daga hannunka, ya sauka, ya shiga ƙarƙashin benci inda kanta yake kwance a ƙasa. Ka daɗe kana kallonta. Sannan ka naɗe igiyar a jikin fad ɗin yadda ka saba ganin ina yi, ka ajiye shi a gefena da kyau, ka ɗaga labule ka fita cikin ruwan. Kana da shekara bakwai. Ba ka ƙara zama tsakanin gwiwoyina ba, ni kuma ban ƙara cewa ka zo ka riƙe mini komai ba. Na ce a raina yaro ne, zai manta. Gobe zan yi masa magana. Goben nan ce ta kai shekara goma sha shida.

Ka girma kana wasanka kai kaɗai. In na shigo zaure sai ka tsayar, ka gaishe ni da ladabi, ka jira in fita. Mutane suna ce mini, "Malam Sale, ɗanka akwai natsuwa." Ni na san inda natsuwar ta samo asali. Kuma duk lokacin da abu ya ƙi maka, lissafi ne ko koyon babur, ban taɓa jin ka ce littafin ne bai yi bayani ba ko babur ɗin ne ya lalace. Sai dai ka ce, "Ƙila ni ne ban iya ba." Muryata nake ji a bakinka. Ranar Asabar ma ita na ji ta cikin bango.

To, ka saurara, don sau ɗaya zan iya rubuta wannan.

Usmanu, fad ɗin ba ya aiki. Ni na zare igiyar da hannuna, tun kafin ka shigo. Ka faɗi gaskiya, ni na yi ƙarya. Ba wai ba ka iya ba, ban taɓa ba ka dama ka gwada ba ne. Ka yafe mini.

Ka ga har sunan na rubuta. Allah ya sa Inna ta yafe mini wannan ma.

Shawarar da ke bin wannan gajeriya ce. In ka ga abu ba ya aiki, ka yarda da idonka, ko wane ne ya ce maka yana yi, ko da mai gida ne a wurin aiki, ko da ni ne. Kuma ran da Allah ya ba ka naka ɗan, ka jona masa, ya ɓata kofin. Ana sake tara kofi.

Game da gardamarku kuwa, tunda ba wanda ya tambaye ni, bari in sa baki. Nura yana da gaskiya, jiran nan da cin data abin haushi ne, kuma ni ma na ga wasu wasannin tsofaffin fuskoki ne. Bulus ma yana da gaskiya. Ranar da ka tafi karɓo takardar kiranka bautar ƙasa, na shiga zaure na kunna ta a ɓoye. Ban san kan maɓallan ba, na dai faɗa wani wasa mai fili da tsaunuka. Ban yi faɗa da kowa ba, ban je ko'ina ba. Na kai mutumin gindin wata bishiya na tsayar da shi, sai aka fara ruwa a cikin wasan. Ciyawa ta kwanta, nesa ta yi shuɗi, wasu dabbobi suna kiwo can ƙasa. Abba, Zungur ce. Abin da nake cikawa da idona ina yaro, ga shi an zana shi duka. Na zauna har aka kira azahar, kuma ba abin da nake so sai in waiwaya in ce wa wani, "Ka gani?" Ba kowa a zauren. A nan na gane abin da ke damunka da ita, ko aƙalla abin da ke damuna. Fad ɗaya aka sa a kwalinta.

Shi ya sa babbar jakarka ta yi nauyi. Na'urar da ka ce za ka bari tana ƙasa, na naɗe ta cikin bargonka. Kusa da ita akwai fad na biyu, wani ne ya watsar da shi a shago ya ce ba zai gyaru ba, na zauna na gyara. Na gwada shi sau uku. Na zamani ba su da igiya, don haka in ka miƙa wa wani, ka dubi ɗan hasken nan ka tabbata ya kama. Ka ba na'urar wata uku da mutum a gefenka, in har lokacin ba ka ji komai ba, to Nura ya ci gardama, ka faɗa masa in ji ni.

Tsohuwar tawa mai faifai kuwa na sauko da ita daga saman kwaba. Na goge mata idon da ke karanta faifai, na canza mata roba, ta tashi da waƙarta ta da, har Ummanka ta leƙo tana cewa, "Malam, lafiya? Tsufa ne ko ƙuruciya?" Katin memorin bai mutu ba. Wasan ƙarshen nan yana nan yadda yake, don ranar da ka fita cikin ruwa kashe na'urar na yi, ban ƙarasa shi ba, ban kuma sake buɗe shi ba. Na duba, ana iya buga shi mutum biyu a gefe ɗaya.

Allah ya kai ka lafiya, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya tsare maka sallarka da lafiyarka da mutuncinka. Allah ya raba ka da sharrin hanya da na ruwa da na baki. Ummanka ta ce ka riƙa cin abinci a kan lokaci, kuma ka kira ta da zarar kun sauka. Ni ba sai ka kira ni ba, na san ba za mu iya cewa komai a waya ba.

In Allah ya kawo ka hutun Sallah, ka shigo shago tsakanin azahar da la'asar. Bencin na nan. Na jona igiya biyun, kuma kafin ka zauna ka sunkuya ka duba da idonka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale